Gashi Ya Ci Gashi

Tun ranar da aka kawo Hajjo Birnin Gwari daga rugarsu ta bayan Kakangi, matan unguwa ba su gama shawara a kan gashin kanta ba. Ba irin nasu ba ne, mai zama inda aka ajiye shi. Ba kuma irin na sauran Fulanin da ke shigowa tallan nono ba ne, mai santsi da miƙewa. Nata murɗaɗɗe ne, kowane sili ya nannaɗe kamar yaɗon duma ya sami kara. In ta jiƙa shi sai ya sauko tsakiyar baya, in ya sha iska ya tattare ya koma wuya. Mai kitson unguwa ta gwada shi sau ɗaya, haƙoran matajinta suka karye, ta ce ita ba ta gaji wannan ba.

Hajjo ta san abin da gashin yake so, don a gaban uwarta ta koya. A jiƙa garin karkashi a ruwan sanyi har ya yi yauƙi, a bi kan da shi sili-sili da yatsa, mataji kada ya kusato. A ɗauraye, sannan a shafa ɗanyen man shanu tun kan yana da laima. Shi ke nan. Uwar ta sha gaya mata cewa ruwan ya zama mai sanyi, don zafi yana kashe karkashi, ita ma haka ta ji daga tata uwar.

Uwar nan ba ta so auren birni ba. Ta ce ba ta da abin faɗa a kan angon, Maliki, yaro ne mai kunya, ga shi yana cin albashin En'e, hukumar sarki, cikin masu tsaron gandun daji, amma birni ba ya barin mutum yadda ya same shi. Ranar rakiya, tana ɗaura wa Hajjo kallabi, ta ce mata a hankali, “Randa kika zo mini da kai kamar bayan ƙwarya, ba sai kin yi mini bayani ba.”

Haihuwar fari a ruga Hajjo ta yi ta, kamar yadda aka saba, yaron kuma bai kai yaye ba ya koma. Saboda haka da ciki na biyu ya tsufa, Gwoggo Furera, yayar uban Maliki, ta ɗauro ƙunshinta ta tare a gidan. Ta ce wannan karon a hannunta za a yi jego, jego na gaske, ba wanda ake yi a bukka ana leƙen shanu ba. Aka sami namiji, liman ya raɗa masa Ibrahim, Gwoggo ta ce Abarshi, kowa ya bi ta.

Jegon Gwoggo Furera ba na wasa ba ne. Safe da yamma ƙatuwar tukunya tana tafasa, a tsoma ganyen tsamiya a fyaɗa wa mace har fatarta ta yi ja. Ta fito ta sha kunun kanwa da zafinsa, ta ci nama da yajin da zai sa ta hawaye. Daga nan ta hau gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ramin, ta kwanta a gasa ta. Wannan shi ne gashi, gashin wuta, kuma a gidan da ake jego babu maganar da ta fi shi yawa a baki. An ce sanyi ne ke kashe maijego. Waɗanda zafi ya kashe ba a taɓa lissafa su ba, don in zafi ya kashe mace cewa ake yi bai ishe ta ba.

Cikin dokokin Gwoggo har da cewa maijego ba ta tsefe kai sai ta yi arba'in. Kallabi biyu aka ɗaura wa Hajjo, ɗaya kan ɗaya. Amma tururi ba ya tambayar kallabi, gumi ma haka. Tsohon kitson da ta shiga naƙuda da shi ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, har ya warware da kansa a ɓoye. Wata rana da hantsi, kai ya dame ta da ƙaiƙayi, ta zura yatsa ƙarƙashin kallabi, sai ta ji abu kamar sheƙar tsuntsu. Yatsan ya shiga, da kyar ya fito.

Gwoggo ta duba ta taɓe baki. Ta ce wannan ai maganinsa sananne ne, aska. Dama Jaji wanzami zai zo ana gobe arba'in ya yi wa Hajjo ƙaho, sai ya haɗa da kan gaba ɗaya, wani sabo ya fito, wataƙila ma Allah ya sa ya fito irin na mutane.

Hajjo ta tuna da uwarta. Yawon arba'in ɗinta ruga za ta fara kai shi. Mutanenta girbi kawai suke jira a gama su kora shanu kudu, in ba ta gan su yanzu ba sai wata damina. Ta ga kanta ta durƙusa gaban uwarta, uwar ta miƙo hannu ta zame kallabin nan. Ta roƙi Gwoggo, ta sake roƙo, har tsohuwar ta gaji ta ce to, ta gwada wankewa, amma a cikin ɗaki, da ruwan zafi, da abin da aka sani.

Abin da Gwoggo ta sani sabulun salo ne, baƙi, nata na hannunta, wanda ta ce da shi aka wanke kan kakannin Maliki kaf babu wanda ya yi sanƙo. Bai yi wa kakannin Maliki komai ba, gaskiya ne, don kansu a aske yake. A kan Hajjo kuwa ya yi kumfa ya cika ƙwarya, ya kwashe datti, ya kwashe har ɗan maiƙon da ya rage. Da kan ya bushe sai ya zama kamar soson wanke-wanke, in an taɓa har ƙara yake yi.

Labari ya fita unguwa, kowace mace ta zo da nata. Lokacin ba a daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba, kantuna sun fara cika, kowane abu mai takarda a jiki ana ganin ya fi wanda ba shi da ita. Huseina, matar malamin asibiti, ta shigo da jan sabulun kanti mai warin ɗakin allura. Ta ce wannan shi matar Di'o, Baturen mulki, ke wanke kai da shi, kukunsu ne ya faɗa. Hajjo ta juya sabulun a hannu ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin kan matar Di'on. Huseina ta ce ita ta gani a mota, fari sol, a miƙe kamar gemun masara. Hajjo ta so ta ce abin da ya yi wa gemun masara daidai ba lalle ya yi wa yaɗon duma ba, amma baƙuwa ce a unguwa, kuma kyauta aka kawo mata. Ta yi godiya ta wanke. Fatar kanta ta yi ta zogi har yamma, sheƙar nan kuma ta ƙara ƙanƙancewa ta yi tauri.

Huseina ba ta karaya ba. Ta ce laifin Hajjo ne da ba ta bi da mai ba, ta dawo da kwalbar basilin. Aka lafta. Man ya zauna a sama yana ƙyalli bai shiga ko'ina ba, toka da hayaƙin ɗakin jego suka zo suka manne masa. Gwoggo ta ce ga irin ta nan, kayan Nasara ido ne kawai, ta narka man kaɗe ta zuba a kan basilin ɗin. Yanzu sheƙar ta sami rufi biyu. Wata tsohuwa ta ce ruwan toka, wata ta ce a turara da ƙaro, wata ta ce ai wannan ba ciwon sabulu ba ne, baki ne, a nemi rubutu. Kowacce da kanta ta gwada abin ya yi mata, kuma babu wadda ta tsaya ta lura cewa ba kanta ne ke kan wuyan Hajjo ba.

Da Hajjo ta ga kwanaki suna tafiya, sai ta cire kunya.

“Gwoggo, karkashi ne kaɗai zai warware shi.”

“Karkashin miya?”

“Shi. A jiƙa shi a ruwan randa, in ya yi yauƙi sai…”

“Ruwan randa,” in ji Gwoggo. “A kan maijego.” Ta gyara wa Abarshi kwanciya a cinyarta, ba ta ɗago ba. “Ai wancan karon ma an jiƙa abubuwa da yawa a ruwan randa, 'yar nan.”

Ba ta ambaci sunan yaron da ya koma ba, ba ta kuma bukaci ta ambata ba. Zawo ne ya ɗauke shi, yana rarrafe, wata da watanni bayan an gama jego, Hajjo ta sani, Gwoggo ma ta sani. Amma wa zai yi gardama da tsohuwar da ke riƙe da ɗanka mai rai tana nuna maka kabarin ɗaya? Hajjo ta juya fuska bango.

Saura Maliki. Shi kuwa tun ranar suna bai taka cikin ɗakin ba, don Gwoggo ta ce ɗakin jego ba wurin namiji ba ne. Kullum in zai fita aiki yakan tsaya bayan asabari da kakinsa da jar hularsa ya tambayi kwanan yaro. Wata safiya Gwoggo tana bakin murhu, kusa ƙwarai, tana iza wuta, Hajjo ta matso jikin asabarin ta yi ƙasa da murya. Ba ta iya cewa karkashi, don kalmar tana fita Gwoggo za ta cafke ta.

“Malam, kayan gashi nake so ka nemo mini. Irin na wajenmu. Na daji.”

Maliki ya ce an gama.

To, kalmomin nan biyu, na kai da na wuta, ɗan numfashi ne tsakaninsu. Na kai ana jan sa, na wuta ana datse shi. Turawa ma da suka zo rubuta su a boko ba su ji bambancin ba, suka rubuta su iri ɗaya, har yau haka muke fama. Hajjo ta ja nata yadda ya kamata. Amma raɗa ce, ta bayan asabari, a gidan da aka yi wata guda ba a zancen komai sai itace da garwashi. Kuma namiji yakan ji abin da ya riga ya shirya ji.

Kashegari da la'asar sai ga jakuna biyu a ƙofar gida, an lafta musu itacen ƙirya, jajaye, busassu, irin wanda maƙera ke rububin gawayinsa. Daga cikin gandu Maliki ya saro su, gandun da Baturen daji ya hana a karya ko tsinke, gandun da shi Maliki da hannunsa ya sha ƙwace gatarin mutane a cikinsa. In da an gan shi, kakin nan ya tafi. Ya tsaya bayan asabari yana haki, yana jin kansa, ya ce ga na daji nan, ko sarauniya ba a gasa ta da wanda ya fi wannan ba.

Gwoggo ta yi guɗa, ta ce ashe yaron nan ya san ciwon iyalinsa, ashe 'yar Fulani ta fara hankali tunda da bakinta ta nema. Hajjo tana ciki ta cusa bakin zane a baki. Ba ta san ko dariya za ta fito ko kuka ba, kuma ko wanne ya fito sai ta yi bayani.

Ƙirya ba ta san wasa ba. Garwashinta ba ya mutuwa, sai dai ya yi ja ya yi shiru. Washegari bayan wankan safe aka cika ramin gado da shi, Hajjo ta hau, gajiya ta kwashe ta, ta yi barci ƙeyarta daidai bakin ramin, da kallabi biyu da basilin da man kaɗe. Cikin barci ta ji ƙauri. Ta kira Gwoggo ta ce wani abu yana ƙonewa. Gwoggo daga tsakar gida ta ce ƙafar saniya ce take babbakewa za a yi mata farfesu, ta kwanta abinta. Gaskiya ne kuwa, akwai ƙafar saniya a wuta. Sai da Hajjo ta tashi ba yaro nono ta ga tabarmar ta yi baƙi inda kanta yake, kallabin ciki ya ƙanƙance, ya manne da ƙeya.

Ranar nan ba ta yi raɗa ba. Da Maliki ya dawo ya tsaya bayan asabari, ta ɗaga asabarin da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zame kallabin ta juya masa ƙeya.

“Wannan gashin na ce, Malam. Wannan. Karkashi nake so da man shanu.”

Maliki ya dubi kan, ya dubi tulin ƙiryar da ke jingine da katanga, ya cire jar hularsa ya sake sawa. Ya ce to me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ta faɗa. Ya ce bai ji haka ba. Ta ce ta sani. Gwoggo tana bayan gida ba ta ji wannan ba, kuma Maliki, da yake ya san gwoggonsa, bai ga dalilin da zai sa ta ji ba.

Karkashi ya yi wuya a kasuwar gari a lokacin, sai da ya jira aiki ya kai shi wajen Kakangi, ya samo garinsa a hannun wata Bagwariya, ya biya ta wani mashekarin Fulani ya karɓo curin man shanu a 'yar ƙwarya. Ranar da ya dawo da su ita ce ranar da Jaji wanzami ya aiko cewa yana tafe bayan la'asar. Maliki ya shigo da rana tsaka, Hajjo tana bayan ɗaki tana shanya tsummokaran yaro. Ya duba bai gan ta ba, ga aiki yana jiransa. Sai ya yi abin da kowane magidanci yake yi in ya shigo da ganye da mai a hannu tun da aka kafa garin: ya miƙa wa babbar macen da ke bakin murhu, ya juya ya fita.

Da Hajjo ta zagayo, ƙamshin ne ya fara tarar ta. Tukunyar miya tana kan wuta, Gwoggo ta sa maburgi tana kaɗawa tsakanin tafukanta, koren abu yana bin maburgin yana tashi. Ga man shanun a kasko gefen murhu ya narke ya zama ruwa. Ga daddawa da barkono an daka a turmi suna jira. Gwoggo tana fara'a ta ce yau Maliki ya tuna da su, za a ci tuwo da miyar karkashi, kuma ga shi ta nan ne ya kamata karkashi ya shiga jikin maijego, ta baki.

Hajjo ta tsaya da tsumma a hannu. An dafa shi. Abin da uwarta ta ce kada a yi, an yi, zafi ya kashe shi, wanzami kuma yana hanya. Haushi ya taso mata, wanda ya haɗa da sabulun salo da jan sabulu da jakuna biyu na ƙirya, har ta buɗe baki. Sai idonta ya tsaya a kan maburgin. Gwoggo ta ɗaga shi sama don ta ga kauri, yauƙi ya biyo shi dogo, bai tsinke ba, har sai da ta karkaɗe.

Abin da aka ce zafi ya kashe, ga shi yana bin maburgi. Hajjo ta sha miyar karkashi tun tana yarinya, ta san tana yauƙi, kowa ya sani. Ba ta dai taɓa ajiye wannan sanin kusa da maganar uwarta ta dube su tare ba.

Gwoggo ta kai hannu turmi za ta kwaso daddawa. Hajjo ta riƙe mata wuyan hannu. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa taɓa jikin tsohuwar ba in ba gaisuwa ba.

“Gwoggo, don Allah sa yatsa a tukunyar nan.”

“Kin haukace? Tafasa take.”

“Ashe ba sanyi ba ne.”

Gwoggo ta dube ta, ta dubi tukunya. Ta ce karkashi ai sanyi ne da shi a jikinsa, ko an dafa. Hajjo ta ce to yaya za a ba maijego ta ci. Gwoggo ta ce ci daban, shafawa daban. Hajjo ta ce ruwan randa Gwoggo ta hana, kuma ta bi, ba ta taɓa randa ba tun ranar da ta haihu. Wannan kuwa daga kan ƙirya ya sauko, man ma haka. Tsohuwar ta yi ta neman wata dokar a ranta, ana ganin bakinta yana motsi, ba ta samu ba. Daga ƙarshe ta fizge hannunta ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da aka tuƙa tuwo aka zuba miyar a ka ba, kuma in Maliki ya dawo ya tambayi abin da zai ci, Hajjo ce za ta amsa.

Hajjo ta juye tukunyar a ƙwarya ta shiga ɗaki. Ta jira har ya huce daidai yadda hannu zai iya, ta fara daga goshi. Ta cika tafi ta dafa a kan, ta jira, ta sa yatsa. Da farko ba abin da ya motsa. Ta ƙara, ta murza a hankali, basilin da toka suka fara saukowa baƙi ƙirin ta gefen kunne. Can sai wani sili ya zame daga cikin 'yan'uwansa, ya miƙe a yatsanta, ta sake shi ya nannaɗe. Ta bi na kusa da shi.

Aiki ne na haƙuri, kuma hannu biyu ba sa isa inda ido ba ya gani. Gwoggo ta shigo da Abarshi a kafaɗa, wai ta zo ta ga ɓarnar da ake yi da abinci. Ta tsaya tana faɗin yadda ba haka ake yi ba. Da ta gaji da faɗa sai ta kwantar da yaron, ta zauna a bayan Hajjo, ta tsoma hannu a ƙwaryar tana tsaki. Gaba ya warware, gefe da gefe suka warware, tsakiya ta ba da wuya sannan ta saki. Abin da ya zube ya zube, ya cika tafi, amma abin da ya rage ya sauko kafaɗa yana ɗiga.

Da suka iso ƙeya, hannun Gwoggo ya tsaya. Nan babu abin warwarewa. Wuta ta riga ta narka shi da man da aka lafta masa, ya zama dunƙule ɗaya kamar ƙaro, in an ja sai ya ɓare ya zama gari. Suka zuba sauran karkashin duka, suka zuba man shanu, suka jira. Karkashi yana raba abin da ya sarƙe, ba ya tayar da abin da ya ƙone.

Sallamar Jaji ta zo daga zaure. Gwoggo ta leƙa ta ce ya shirya ƙahonsa, aska kuwa ya miƙo ta nan, ba a bukatar hannunsa. Ta kawo ta miƙa wa Hajjo. Hajjo ta laluba ƙeyarta, ta kama dunƙulen, ta yanke shi da kanta. Wurin ya kai faɗin tafin hannu. Ranar nan gayan tuwo aka ci a gidan, da ɗan yaji, Maliki kuma bai tambayi miya ba.

Bayan arba'in ya raka ta har bakin ruga ya koma. An riga an fara kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore a bayan shanu. Uwar ta karɓi Abarshi ta juya shi ta duba, ta miƙa wa wata. Sannan ta zaunar da Hajjo a gabanta a kan buzu, ta zame kallabin. Gashin ya zubo, ta sa yatsu a ciki tun daga goshi tana bi, tana jinjina kai, har ta kai ƙeya. Ta daɗe da tafinta a wurin.

Ta tambayi abin da ya ci nan. Hajjo ta ce gashi, ta datse kalmar sosai don kada a sake. Uwar ta tambayi da me ta ceci sauran. Hajjo ta ba ta labari, har da maburgi, har da yauƙin da ya ƙi tsinkewa, tana jira uwar ta yi mamaki.

“Dafaffe?” in ji uwar. “Da zafinsa kika sa?” Ta tafa hannu ta juya wajen matan da ke ɗaurin kaya. “Kun ji abin da ya cinye mata ƙeya. Tun tana ƙarama nake gaya mata zafi yana kashe karkashi.”

Hajjo ta buɗe baki. Ta dubi matan, duk suna gyaɗa kai, kowacce ta san haka ne tun daga kakarta. Ta rufe bakin, ta sunkuyar da kai a cinyar uwarta. Uwar ta jawo ƙwaryar man shanu, ta raba gashin gefe biyu, ta fara jawo su baya tana kitsawa ta yadda za su rufe wurin, tana yi tana faɗa.